Wa Zai Tsaya Wa Wannan Takarda? Tarihin Tantance Digirin Kwamfuta



Duk wanda ya taɓa raka ƙaninsa ko ɗansa cike fom ɗin neman jami'a ya san tambayar da ake yi da zarar an zaɓi kwas: shin an tantance shi? Mutum zai ɗauka magana ce ta takarda da hatimi kawai, amma shekara huɗu na rayuwar yaro da gumin iyayensa ne a rataye a kanta. Yau zan bi tarihin wannan tambaya a fannin kwamfuta, a ƙasar da aka fi yin ce-ce-ku-ce a kanta, wato Amurka. Daga ƙarshe sai mu waiwayo gida mu ga yadda tamu take.

Likitoci ne suka fara

A Amurka babu wata hukumar gwamnatin tarayya da ke rubuta wa jami'o'i manhajar karatu. Kowace jami'a ita ke tsara abin da za ta koyar. Wannan 'yanci yana da daɗi, amma ya buɗe ƙofa ga masu sayar da takardar shaida. A farkon ƙarni na 20 abin ya fi muni a makarantun likitanci, inda wasu ke karɓar duk wanda ya biya kuɗi, su yi masa lacca, su sallame shi ya je ya duba marasa lafiya.

Gidauniyar Carnegie ta tura wani malami mai suna Abraham Flexner ya zagaya makarantun likitanci 155 na Amurka da Kanada. A rahoton da ya fitar a 1910 ya ba da shawarar a rage su zuwa 31. Cikin shekarun da suka biyo baya makarantu da dama sun rufe ko sun haɗe da wasu, karatun likita kuma ya inganta. Sai dai gyaran ya zo da ɓarna. Daga cikin makarantun likitanci 7 na baƙaƙen fata, biyu kacal suka tsira, Howard da Meharry. Tun daga nan aka gane cewa ma'aunin da ke korar 'yan damfara yana iya haɗawa da mai ƙaramin ƙarfi da ke iyakar ƙoƙarinsa.

Injiniyoyi suka biyo baya. Jihar Wyoming ce ta fara kafa dokar ba injiniya lasisi a 1907, sauran jihohi suka riƙa kwaikwayo. Masu ba da lasisin suna buƙatar sanin makarantar da za su yarda da takardarta. Don haka a 1932 ƙungiyoyin injiniyoyi 7 suka kafa wata majalisa da ake taƙaita sunanta da ECPD. Ta fara duba kwasa-kwasai a 1936, kuma zuwa 1947 ta amince da kwas 580 a makarantu 133. Wannan majalisa ce ta sauya suna ta koma ABET a 1980. A lura da abu biyu game da ita. Na farko, ba ta gwamnati ba ce, ta masu sana'ar ce da kansu. Na biyu, ba jami'a baki ɗaya take tantancewa ba, kwas ɗaya-ɗaya take bi, kuma sai wanda ya gayyace ta.

Fannin da ba shi da ɗaki

Lokacin da aka kafa waccan majalisa, babu wani abu da ake kira digirin kwamfuta. Jami'ar Cambridge ta Ingila ta fara bayar da difloma a fannin a 1953. A Amurka, Jami'ar Purdue ce ta buɗe sashen kimiyyar kwamfuta na farko a 1962, Stanford da Carnegie suka buɗe nasu a 1965. A sauran wurare kuwa fannin ɗan raɓe ne. Wani wuri yana ƙarƙashin sashen lissafi, wani wuri yana wajen injiniyoyin lantarki, wani wuri kuma makarantar kasuwanci ce ta riƙe shi.

Malaman wasu fannoni ma ba su yarda ilimi ne mai zaman kansa ba. Suna ganin koyon sarrafa na'ura ne kawai, wanda bai kai a ba shi digiri ba. Sukar ta yi ƙarfin da a 1967 manyan masana uku, Allen Newell da Alan Perlis da Herbert Simon, suka rubuta wasiƙa a mujallar Science suna kare fannin. Hujjarsu ita ce, tunda akwai kwamfuta, kuma akwai al'amura masu sarƙaƙiya da ke tattare da ita, to nazarinsu kimiyya ne kamar yadda nazarin tsirrai yake kimiyya.

Ba a auna abin da ba a san iyakarsa ba. Kafin a yi maganar tantancewa, dole a fara amsa tambayar me ya kamata mai wannan digiri ya sani. Ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM, wadda aka kafa a 1947, ta ɗauki wannan aiki. A watan Maris na 1968 kwamitinta, ƙarƙashin William Atchison, ya fitar da manhajar karatu ta farko da ta samu karɓuwa. Ta jera darussa, ta nuna wanda ke zuwa kafin wani, ta kuma cika su da lissafi. Bayan shekara 10 aka sake tsara wata, aka buga ta a 1979, wasu suka yi ƙorafin cewa an rage lissafin fiye da kima. A ɗaya gefen kuma reshen kwamfuta na ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE yana fitar da tasa manhajar. Duk shawara ce, babu wanda aka tilasta wa bi.

A wannan tsakani injiniyoyi sun riga sun yi gaba. A 1971 aka tantance digirin injiniyancin kwamfuta na Jami'ar Case Western Reserve, shi ne na farko. Amma kwas ɗin da ba ya cikin tsangayar injiniya ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ambaliyar ɗalibai

Abin da ya tilasta a yi wani abu shi ne cunkoso. Ƙananan kwamfutoci sun shigo kasuwa a ƙarshen shekarun 1970, kamfanin IBM ya fito da tasa a 1981, matasa kuma suka ga inda aiki yake. A 1980 jami'o'in Amurka sun yaye kimanin mutum 11,000 da digirin farko a fannin kwamfuta. Zuwa 1986 adadin ya kai kusan 42,000.

Ɗalibai sun ninka kusan sau huɗu, malamai ba su ninka ba. Masu digirin digirgir a fannin 'yan ɗaruruwa ne ake yayewa a shekara, kamfanoni kuma suna kwashe su da albashin da jami'a ba za ta iya biya ba. A 1981 masanin kwamfuta Peter Denning ya kwatanta lamarin da manomin da ke cinye irin da ya ajiye don shuka. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan misali: wanda ya dafa irinsa da rani, me zai kai gona idan ruwa ya sauka?

Manyan jami'o'i suka ƙayyade yawan waɗanda za su ɗauka. Wasu makarantun kuwa suka ga kasuwa ta buɗe. Sai a tara 'yan darussan koyon rubuta umarnin kwamfuta, a jawo malamin lissafi ko na kimiyyar lissafin kuɗi ya koyar, a liƙa wa abin suna digirin kimiyyar kwamfuta. Mai ɗaukar ma'aikata yana riƙe da takardu biyu masu suna iri ɗaya, bai san wadda ke da nauyi ba. Uba kuma yana biyan kuɗin makaranta bai san me yake saya ba.

A daidai waɗannan shekaru duniya ta ga abin da kuskuren mai rubuta umarnin kwamfuta ke iya jawowa. Tsakanin 1985 da 1987 wata na'urar gasa cutar daji mai suna Therac-25 ta antaya wa marasa lafiya aƙalla 6 haske mai guba fiye da kima a Amurka da Kanada, wasu daga cikinsu suka mutu. Bincike ya gano kurakurai a cikin umarnin da ke sarrafa na'urar. Ba wannan haɗari ne ya haifar da tantancewa ba, amma ya nuna cewa tambayar wa ya koyar da wannan mutum, kuma me aka koya masa, ta wuce batun neman aiki.

Haihuwar hukumar tantancewa

ACM da reshen kwamfuta na IEEE, waɗanda suka daɗe kowa na jan zarensa, suka haɗa kai suka kafa hukumar tantance kwasa-kwasan kimiyyar kwamfuta, CSAB, a tsakiyar shekarun 1980, ABET kuma ta taimaka musu da ƙwarewarta. A 1986 aka fitar da rukunin farko na kwasa-kwasan da aka amince da su.

Ma'aunin farko na ƙirge ne. Malamai nawa ne a sashen, kuma nawa ne a cikinsu suka karanci fannin da gaske? Darasi nawa kowane malami yake ɗauka a zango? Ɗalibi yana samun zama gaban na'ura yadda ya kamata? Me ke cikin laburare? A ƙa'idojin da aka yi aiki da su har zuwa farkon shekarun 2000, ana son kusan kashi ɗaya bisa uku na karatun shekara huɗu ya zama na kwamfuta zalla, kusan shekara guda kuma ta tafi a lissafi da kimiyya. An kuma wajabta koyar da iya rubutu da iya bayani a gaban jama'a, da sanin haƙƙin da ke kan mai wannan sana'a.

Amfanin farko da aka gani a cikin gida ne. Shugaban sashen da ya shekara yana roƙon a ƙara masa malami ko a sayo na'urori, yanzu yana da takardar da zai ajiye a teburin shugaban jami'a: ga abin da baƙi suka ce babu, in ba a kawo ba hatimi ba zai samu ba. Sassa da yawa ta wannan hanya suka tsaya da ƙafafunsu.

Waɗanda suka ce ba su yi

Adawa ta fito daga sama da ƙasa. Daga ƙasa akwai ƙananan kwalejoji masu tsarin ba ɗalibi ilimi mai faɗi, inda yake haɗa kwamfuta da tarihi ko falsafa ko harshe. Irin waɗannan kwalejoji malamansu na kwamfuta ba su da yawa, kuma tsarinsu bai yarda fanni ɗaya ya cinye lokacin ɗalibi ba. Suka ce an ɗinka rigar ne da awon makarantun injiniya. A 1986, shekarar da aka fara tantancewa, Norman Gibbs da Allen Tucker suka buga wata manhaja ta daban da ta dace da irin waɗannan kwalejoji. Abin da ya faru bayan rahoton Flexner ne suke gudu, wato a kira ƙarami da sunan mara inganci.

Daga sama kuma akwai jami'o'in da sunansu ya ishe su. Digirin kimiyyar kwamfuta na Stanford da na Carnegie Mellon ba su ɗauke da hatimin ABET, kuma kamfanoni rububin ɗalibansu suke yi.

Dalilin da ya sa hakan ta yiwu shi ne lasisi. Injiniyan gine-gine ba ya sa hannu a zanen gada sai da lasisi, kuma hanya mafi sauƙi zuwa lasisin ita ce digirin da aka tantance. Mai rubuta umarnin kwamfuta ba ya buƙatar izinin kowa kafin ya kama aiki. An taɓa gwada kawo lasisin: a 2013 aka fara jarrabawar lasisi ta injiniyoyin wannan fanni a Amurka, amma aka soke ta bayan zaman 2019 saboda masu zuwa rubutawa ba su taka kara sun karya ba. Saboda haka hatimin ya fi amfanar jami'o'in tsaka-tsaki, waɗanda suke da aiki mai kyau amma ba su da babban suna, suna buƙatar wani daga waje ya shaide su.

Daga ƙirga kaya zuwa auna ɗalibi

A shekarun 1990 ita kanta ABET ta sha suka. Shugabannin jami'o'i da masu masana'antu suka ce ta zama mai ƙirga wake: tana lissafa awoyi da kujeru, ba ta tambayar ko yaron da aka yaye ya iya aikin. Sashe yana iya cika duk sharuɗɗa a takarda ya fitar da wanda bai iya warware matsala ba. Wani sashen kuma yana tsoron gwada sabuwar hanyar koyarwa don kada lissafin awoyinsa ya karkace.

A ƙarshen shekarun ABET ta karɓi sabon tsari, wanda ya zama dole ga kwasa-kwasan injiniya daga 2001. Tambayar ta juya. Maimakon me kuka koyar, sai ta koma me ɗalibinku ya iya ranar da zai fita, ina shaidarku, kuma da kuka ga inda ya gaza me kuka gyara? A wannan shekara ta 2001 aikin tantance kwasa-kwasan kwamfuta ya koma ƙarƙashin ABET gaba ɗaya, CSAB ta zama ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ke cikinta. Sannu a hankali sabon ma'aunin ya shigo ɓangaren kwamfuta, aka kuma faɗaɗa shi zuwa rassan da suka tsiro daga baya, irin su fasahar sarrafa bayanai. A 2018 aka tantance kwasa-kwasan tsaron intanet na farko.

Ga yadda neman yake a yau. Sharaɗi ne kwas ɗin ya riga ya yaye aƙalla ɗalibi ɗaya. Jami'a tana miƙa buƙatarta kafin ƙarshen watan Janairu. Zuwa 1 ga Yuli sashen zai miƙa rahoton da ya rubuta a kan kansa, inda zai faɗi ƙarfinsa da rauninsa. Tsakanin Satumba da Disamba masu dubawa za su zo, kuma 'yan sa-kai ne daga wasu jami'o'i da kamfanoni. Suna buɗe takardun jarrabawa da ayyukan ɗalibai, na mai ƙoƙari da na matsakaici da na mai rauni. Suna ganawa da ɗalibai ba tare da malamai a wurin ba. Kafin su tafi su karanta wa shugabannin jami'a abin da suka gani, a ba sashen dama ya gyara ko ya kare kansa. Sai a watan Yuli na shekara mai zuwa ake yanke hukunci. Mafi tsawon wa'adin amincewa shekara 6 ne, daga nan a sake sabon lale.

Sabon tsarin ma bai tsira daga ƙorafi ba. Malamai da dama suna cewa an sauke musu ƙirgar awoyi an ɗora musu tulin fom-fom na auna sakamako. Duk da haka ya bazu. A watan Disamba na 2008 hukumomin ƙasashe 6, Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostareliya da Japan da Koriya ta Kudu, suka sa hannu a yarjejeniyar Seoul, inda kowace ta yarda da digirin kwamfutar da 'yar uwarta ta tantance.

Mu waiwayo gida

Najeriya ta bi wata hanya ce daban, kuma kusan a lokaci guda. A can masu sana'a ne suka kafa hukuma, wanda ya ga dama ya nema. A nan doka ce. An kafa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, a 1962 a matsayin mai ba da shawara, ta samu ƙarfin doka a 1974. Dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ce ta ba ta ikon gindaya mafi ƙarancin ma'auni da tantance kwasa-kwasai. An fitar da ma'aunin a 1989, aka fara zagayen tantancewa a 1990. A 1993 kuma doka mai lamba 49 ta kafa majalisar rajistar ƙwararrun kwamfuta, CPN. Kwalejojin kimiyya da fasaha suna ƙarƙashin hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna, wadda aka kafa a 1977.

A tsarin NUC sakamako uku ne. Kwas ɗin da ya samu kashi 70 ko fiye, a jimla da kuma a manyan ɓangarorin da ake dubawa, yana samun cikakkiyar amincewa ta shekara 5. Wanda ya kai 60 amma bai cika wancan sharaɗi ba yana samun ta wucin gadi, ta shekara 2. Wanda ya gaza 60 an hana shi, kuma dole ya dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai. Akwai kuma wani mataki tun kafin wannan: ba a buɗe sabon kwas sai hukumar ta zo ta ga malamai da kayan aiki ta ba da izini. Ɗalibin da ya faɗa kwas ɗin da ba shi da wannan izini yana iya gamawa ya tarar ba za a tura shi yi wa ƙasa hidima ba. A watan Disamba na 2022 NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhaja da ta ware kwamfuta a matsayin fanni mai cin gashin kansa, da rassa irin su tsaron intanet da kimiyyar bayanai, ta kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita.

Tilas ɗin da ke cikin tsarinmu yana da amfani, domin babu jami'ar da za ta ce sunanta ya fi ƙarfin a duba ta. Amma yana da nasa ciwon. An daɗe ana ƙorafi, har daga bakin malaman jami'a kansu, cewa wasu wurare sukan aro malamai da kwamfutoci kwana biyu kafin zuwan masu dubawa, su mayar bayan sun tafi. Wannan ita ce illar ma'aunin da ya dogara da ƙirga kaya, irin wadda Amurkawa suka yi fama da ita a nasu salon. Kwamfuta ana aronta, har malami ana aronsa, amma ba a aron abin da ke kan ɗalibi. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne, hatimin tantancewa yana tabbatar da cewa kwas bai faɗi ƙasa da wani mizani ba. Bai yi alkawarin cewa shi ne mafi kyau ba, kuma bai yi alkawarin cewa abin da aka nuna wa baƙi shi ne abin da ɗalibi ke gani kullum ba. Don haka idan naka zai nemi kwas ɗin kwamfuta, ka fara da tambayar hukuma: an ba da izinin buɗe shi, wane irin sakamako ya samu, kuma yaushe wa'adin zai ƙare? NUC tana wallafa wannan bayani a shafinta. Bayan nan ka yi abin da masu dubawa na ƙwarai suke yi, ka nemi ɗalibin aji uku ko aji huɗu a sashen, inda babu malami kusa. Ka tambaye shi sau nawa ya zauna gaban kwamfuta a ɗakin gwaji a wannan zangon, malaman da sunayensu ke jikin allo suna shiga aji kuwa, sannan ka ce ya nuna maka abu ɗaya da ya gina da hannunsa. Amsar da zai ba ka ita ce ragowar rahoton.

Wanda ya karanta kwamfuta a cikinmu, ko yake karantawa yanzu, muna son jin abin da ya gani a makon da masu tantancewa suka zo sashensu, ba tare da kama sunan makaranta ko na wani malami ba.

Sai mako mai zuwa.